Ƙananan Kyamarori A Zangon Kwatano: Darasin Da Ɗan Sari Zai Koya Daga Masu Jirgin Ƙasan Wasa

Duk wanda ya san unguwar Zango ta birnin Kwatano a Jamhuriyar Benin, ya san cewa wuri ne da ke rayuwa da kayan da suke wucewa. Tana kusa da tashar jiragen ruwa da aka buɗe a 1965, tana kuma maƙwabtaka da tsohuwar tashar jirgin ƙasa, don haka tun da daɗewa ta zama masaukin fatake da direbobi da dillalai daga Gaya, Doso, Birnin Ƙonni, Maraɗi, Kamba, Sakkwato da Kano. A da atamfa da shinkafa da gwanjo da motocin hannu ne suka fi ɗaukar hankali. Yanzu kuwa kayan lantarki ƙanana sun samu gurbi, cikinsu har da wata irin kyamarar bidiyo da ba ta wuce girman dunƙulen magi biyu ba.

Abin da ke jan hankalin ɗan sari game da wannan haja a fili yake. Ba ta da nauyi, ba ta cin wuri, kwali guda yana ɗaukar ɗaruruwa, kuma a jikin kowace an rubuta manyan alƙawura irin su 1080p ko 4K. Sai dai kuma, kamar yadda masu iya magana ke cewa, ba girin-girin ba, ta yi mai. Rubutun jikin kwali ba ya nuna abin da ke ciki, kuma a sana'ar da ta ginu a kan amana tsakanin maigida da baƙonsa, kayan da aka dawo da su daga Maraɗi ko Illela suna cin uwar kuɗi, suna kuma cin mutunci.

Abin mamaki, cikin mutanen da ke wahalar da waɗannan kyamarori wajen gwaji akwai waɗanda ba 'yan kasuwa ba ne, wasu manya ne masu sha'awar jirgin ƙasan wasa a Turai da Amurka da Japan. Tambayoyin da suke yi kafin su sayi kyamara su ne ya kamata ɗan kasuwar Zango ya riƙa yi.

Su wane ne masu jirgin ƙasan wasa?

Kada mai karatu ya ɗauka wasan yara ake nufi. Kamfanin Märklin na ƙasar Jamus, wanda aka kafa a 1859, ya yi suna ne da ƙera irin waɗannan jirage. A birnin Hamburg akwai wani gida mai suna Miniatur Wunderland da wasu tagwaye, Frederik da Gerrit Braun, suka buɗe a 2001, inda tsawon layin dogon wasan da aka shimfiɗa ya haura kilomita 15, kuma jama'a na biyan kuɗi su shiga kallo.

Jiragen suna da ma'auni. Wanda ya fi yaɗuwa shi ne HO, inda ake rage girman jirgi na gaske sau 87, tazarar ƙarafunan dogon kuma milimita 16.5 ce. Akwai ma'aunin N da ake ragewa sau 160, tazararsa milimita 9. Ke nan taragon da faɗinsa ya kai mita uku a zahiri, a ma'aunin HO bai wuce santimita uku da rabi ba. Burin masu wannan sha'awa shi ne su ɗora kyamara a gaban jirgin, su ga hanya kamar yadda direban jirgi ke ganinta. Tun a 1988 kamfanin Lionel na Amurka ya fito da wani kan jirgi mai suna RailScope da ke ɗauke da kyamara mai hoton baƙi da fari. Daga baya aka samu kyamarorin da ke kama da makullin mota, sai Mobius a 2013, sai GoPro Session mai nauyin giram 74 a 2015, sai Insta360 GO a 2019 wadda ba ta kai giram 20 ba.

Kyamarar da za ta hau irin wannan jirgi dole ta jure girgiza, da ɗaukewar wuta, da shiga duhun rami a fito cikin haske nan take. Waɗannan kuwa su ne matsalolin babbar motar da ta taso daga Kwatano ta nufi arewa.

Jirginmu shi ne gingimari

Idan ba a manta ba, layin dogon da ya tashi daga Kwatano ya tsaya ne a Paraku, tafiyar kilomita 438, tun a shekarun 1930. An kafa hukumar haɗin gwiwa ta jiragen ƙasa tsakanin Dahomey ta wancan lokaci da Nijar a 1959, wadda daga baya aka sani da OCBN, da niyyar dogon ya isa Nijar, amma bai ƙarasa ba. A da, a Paraku ake sauke kaya daga tarago a loda wa manyan motoci. Layin da kamfanin Bolloré ya shimfiɗa daga Yamai zuwa Doso, wanda aka ƙaddamar a 2016, bai haɗu da na Benin ba. Saboda haka dukiyar ɗan kasuwa a kan taya take tafiya, fiye da kilomita 700 daga Kwatano zuwa Malanbil, ta Bohicon da Dassa da Paraku da Kandi.

Daga nan ne masu sayen kyamara suke fitowa. Akwai mai mota da ke son sanin abin da ya faru a hanya, akwai direban da ke son shaida idan an yi karo, akwai ɗan zemijan mai rigar ruwan ɗorawa da ke yawo cikin cunkoson Kwatano, akwai kuma mai shago da ke son ido a kan aljihun tebur. A ƙasar Rasha, yawan taƙaddama kan haɗurra da inshora ne ya sa direbobi suka rungumi kyamarar gilashin gaba, har ta kai lokacin da dutse ya faɗo daga sama a yankin Chelyabinsk ranar 15 ga Fabrairu, 2013, daga kyamarorin motoci duniya ta ga abin da ya faru. Wanda ya sayi kyamara don irin wannan buƙata, shaida ya saya. Idan ranar da ya buƙace ta hoton bai nuna lambar mota ba, ya yi asarar kuɗinsa, kuma ba zai manta da shagon da ya saya ba.

Na farko: hoton gaskiya da hoton kumbura

Kowane hoto ɗigo-ɗigo ne. Idan an ce 1080p, ana nufin ɗigo 1,920 a kwance da 1,080 a tsaye, jimla sama da miliyan biyu. Idan an ce 720p, ɗigo 921,600 ne. Shi kuwa 4K ya haura miliyan takwas. Tsohon ma'auni na 640 sau 480 bai wuce ɗigo 307,200 ba.

Ga inda dabarar take. Wasu masana'antu suna sa idon kyamara mai ɗaukar 640 sau 480, sannan injin ciki ya kumbura hoton zuwa 1,920 sau 1,080. Idan ka duba bayanin fayil a kwamfuta za ka ga 1080 ɗin a rubuce, amma hoton dishi-dishi ne, tamkar an ƙara ruwa a nono. An sha samun wannan a ƙananan kyamarori masu kusurwa huɗu da ake sayarwa da sunan SQ11, waɗanda girmansu bai wuce milimita 23 ba, kuma ba kamfani ɗaya ke yin su ba, don haka biyu masu suna ɗaya suna iya bambanta.

Gani ya kori ji. A ɗauki shafin jarida a manna a bango, a ɗauke shi daga taku ɗaya, sannan a ɗauki lambar mota daga taku biyar da taku goma. A kalli sakamakon a babban allo, domin a fuskar waya kowane hoto yana yin kyau. Kyamarar da ba ta karanta lamba daga taku biyar da rana tsaka, kada a sayar wa direba ita.

Haka nan a duba yawan hotunan da take ɗauka a daƙiƙa. Talatin shi ne mafi ƙarancin abin da ya dace. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a daƙiƙa guda. Kyamarar da ke ɗaukar hoto 15 kacal tana maimaita kowane sau biyu don ya cika talatin, za ta bar kusan mita guda tsakanin hoto da hoto, a nan ne kuma abin da ake nema yake ɓacewa. A ɗauki fanka tana juyawa a hankali, a riƙa tsayar da bidiyon ɗaya bayan ɗaya, maimaicin zai bayyana.

Na biyu: faɗin gani da girgiza

Kwalaye da yawa suna alfahari da faɗin gani na digiri 140 ko 170. Faɗin yana da amfani domin yana kama gefe da gefe, amma yana ƙanƙantar da abin da ke gaba, yana kuma lanƙwasa gefen hoto. Masu jirgin wasa suna son kyamarar da ke gani tangaran daga santimita kaɗan, domin bishiyoyinsu da gidajensu a kusa suke. Direba kuwa akasin haka yake buƙata, wato gani daga mita uku zuwa ashirin. Yawancin ƙananan kyamarori an ɗaure idonsu a kan nisa guda, saboda haka wadda ta dace da saman teburin shago ba lalle ta dace da gilashin tirela ba. Ɗan sari ya san wa zai sayar wa kafin ya zaɓi samfur.

Game da girgiza, irin waɗannan kyamarori ba sa ɗaukar hoto gaba ɗaya a lokaci guda, layi-layi suke karanta shi daga sama zuwa ƙasa. Idan mota na kakkarwa, sai hoton ya riƙa rawa kamar kunun da bai daskare ba. Maganin farko shi ne mariƙi mai ƙarfi kuma gajere. Mariƙin roba mai tsotsar gilashi yakan saki idan rana ta yi zafi. Mai gam ya fi zama. Gwajin ba shi da wuya: a ɗaura ta a kan babur a bi titin da aka shimfiɗa da bulo, irin waɗanda suka cika unguwannin Kwatano.

Na uku: wuta da zafi

A nan ne masu jirgin wasa suka fi shan wahala. Jirginsu daga ƙarafunan dogo yake shan wuta, kuma da ƙura ta hau ƙarfen sai wutar ta ɗauke na ɗan ƙiftawar ido, kyamara ta mutu, bidiyon da bai rufe ba ya lalace. Shi ya sa suke sa mata batirinta daban, ko su ƙara wata 'yar ma'ajiyar wuta da ake kira kapasita. Haka abin yake a mota lokacin tayar da inji, ko lokacin da karo ya tsinke waya, wanda kuma shi ne daidai lokacin da aka fi buƙatar hoton. Don haka a gwada: ana cikin ɗauka a zare wayar wuta, sannan a duba ko bidiyon ƙarshe yana buɗewa.

Akwai kuma batun ƙarfin wuta. Kyamara volt 5 take sha. Ƙaramar mota volt 12 take bayarwa, manyan motoci irin su DAF da MAN da Mercedes kuwa volt 24. Cajar da aka rubuta mata 12 kawai, idan aka soka ta a tirela tana iya ƙonewa ta tafi da kyamarar. A tabbata an ga 12 zuwa 24 a jikin caja.

Zafi shi ne babban makashin wannan haja a yankinmu. Batirin litiyam ba a so a yi masa caji a zafin da ya wuce digiri 45, alhali a watan Afrilu a Malanbil ko Gaya ko Ƙonni zafin inuwa ma yana haura digiri 40, gaban motar da aka rufe a rana kuwa yana wuce digiri 60. Batirin zai kumbura, ya tsage murfi, wani lokaci ya kama wuta. Kyamarar mota ta ƙwarai kapasita take amfani da ita a maimakon batir. Ta fi tsada kaɗan, amma sayen nagari mayar da kuɗi gida ne. A Kwatano kuma abokin gaba shi ne danshi da gishirin teku, masu sa tsatsa a bakin caji. Kada a ajiye kwalaye a ƙasan siminti, kada kuma a bar su watanni da yawa a sito, domin batirin da ya ƙare ƙurmus ya daɗe a haka ba kasafai yake farfaɗowa ba.

Na huɗu: katin ajiya

Sau da yawa ana zagin kyamara alhali laifin kati ne. Bidiyo mai kyau na 1080p yana iya cin kusan gigabait biyar zuwa shida a awa, ke nan katin gigabait 32 zai ɗauki kimanin awa shida. Kyamarori masu araha da yawa ba sa karɓar katin da ya wuce 32, domin daga 64 zuwa sama tsarin rubutun katin daban ne. Waɗanda ke ajiye bidiyo da tsohon tsari mai ƙarewa da AVI sukan cinye wuri fiye da masu MP4.

Jabun kati kuwa ya fi jabun kyamara haɗari. Ana ɗaukar katin gigabait 8 a sauya bayaninsa ya riƙa nuna 64 ko 128. Da farko zai yi aiki lafiya lau, amma da ya cika takwas ɗinsa na gaskiya, duk abin da aka ƙara ya tafi. Akwai manhajar kwamfuta ta kyauta mai suna H2testw da ke cika katin gaba ɗaya ta karanta, ta faɗi ainihin girmansa. Duk ɗan sarin da ke sayen kati da yawa ya kamata ya san mai kwamfutar da zai yi masa wannan gwaji. A nemi kati mai alamar 10 a cikin da'ira, wato mai rubuta megabait goma a daƙiƙa, idan kuma 4K ce ta gaske a nemi mai alamar U3 ko V30. Don mota, akwai katunan da aka yi musamman don jure rubutu da gogewa dare da rana.

Wannan ya kawo mu ga abubuwa uku da kyamarar mota ba ta yi sai da su: ta kunna kanta da an tayar da inji, ta riƙa goge tsohon bidiyo tana ɗora sabo idan kati ya cika, kuma ta buga kwanan wata da lokaci a kan hoton. Idan tana manta kwanan wata duk lokacin da aka kashe ta, shaidarta ta raunana. Ƙananan fitilun ganin dare da ake tallata su da su kuwa, a cikin ɗaki suke aiki daga mita kaɗan. A bayan gilashin mota haskensu dawowa yake yi ya makantar da kyamarar.

Lissafin ɗan sari

Mu ɗauki misali kawai. A ce mutum ya sari guda 200 a kan sefa 3,000 kowace, wato jaka uku a bakin mutanen Nijar, ya kashe sefa 600,000. Ya sayar a kan 3,700. Idan ɗaya cikin huɗu ta dawo ya mayar da kuɗi, abin da ya rage a hannunsa sefa 555,000 ne. Ya faɗi da 45,000 tun kafin a yi maganar kuɗin mota da na kwastan. Lalle araha ba ta ado.

Bugu da ƙari, mayar da kaya ga mai su ba abu ne mai sauƙi ba a hanyar da ake iya rufewa dare ɗaya. Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Agustan 2019, ba ta buɗe Seme da Illela da Maigatari ba sai a Disambar 2020, Kamba da Jibiya da Idiroko kuwa sai a Afrilun 2022. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar, an rufe gadar da ke tsakanin Malanbil da Gaya, kuma ko da ƙungiyar ECOWAS ta ɗage takunkumi a Fabrairun 2024, Nijar ta ci gaba da rufe ɓangarenta, lamarin da ya tilasta wa jama'a tsallake kogi da kwalekwale. Kayan da ke ɗauke da batir ba sa son irin wannan jira. Ga kuma canji: sefa a ɗaure take da yuro a kan 655.957, ita kuwa naira tun da aka sake ta a Yunin 2023 ta yi faɗuwa mai yawa. Mai saye da dala ko sefa ya sayar da naira, ribarsa ba ta da ƙarfin ɗaukar nauyin jabu. A kuma tuna cewa sassaucin haraji na ECOWAS ya shafi kayan da aka ƙera a cikin yankin ne, ba kayan Sin da suka biyo ta Kwatano ba.

Saboda haka kada a yi cinikin biri a sama. A zaro guda biyar daga wurare daban-daban na kwalin, ba waɗanda mai kaya ya miƙo ba. A bar kowace ta yi awa guda tana ɗauka a wuri mai zafi. A rubuta sharaɗin mayarwa a takarda, dillali ya shaida. Mai oda daga Guangzhou ko Shenzhen ko Dubai ya riƙe samfurin da aka nuna masa, domin a gwada shi da abin da kwantena ta kawo.

Doka da mutunci

Ƙarancin girman da ya sa wannan kyamara ta shiga taragon wasa, shi ne kuma ya sa ake iya ɓoye ta a inda bai dace ba. Jamhuriyar Benin tana da kundin dokokin sadarwar zamani da ya fara aiki a 2018, da hukumar APDP mai kare bayanan jama'a. Nijeriya ma ta kafa dokar kare bayanai a Yunin 2023. Ɗaukar hoton mutum a ɓoye cikin ɗakinsa ko makewayi ko masauki, balle yaɗa shi, abu ne da kan kai mutum gaban alƙali. Mai shagon da ya sa kyamara ya manna sanarwa, mai mota kuma ya gaya wa direbansa da yaron mota. A guji ɗaukar barikin soja da wuraren tsaro, musamman a arewacin Benin da ke fama da hare-hare a 'yan shekarun nan. A ɗaya ɓangaren kuma, sashe na 84 na dokar shaida ta Nijeriya ta 2011 ya ba kotu damar karɓar shaidar da ta fito daga na'ura idan an cika sharuɗɗa, don haka bayan haɗari a cire katin a adana shi yadda yake, kada a yanke ko a gyara komai.

Masu jirgin wasa idan kyamara ta ba su kunya, bidiyon nishaɗi kawai suka rasa. Direban da ke ɗauke da dukiyar mutane tsakanin Kwatano da Kandi, abin da zai rasa ya fi haka nesa, kuma a hannun ɗan sari zaɓin yake farawa. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Ɗan kasuwar da ya ba da awa guda ga gwaji kafin ya ƙirga kuɗi, shi ne wanda abokan cinikinsa na Gaya da Kamba da Maraɗi za su sake nema idan sun dawo Zango. Allah Ya ba da kasuwa mai albarka.